Bajon da ke kwana a durowa

Duk lokacin da takardar sakamakon dosimita, ɗan bajon da muke maƙalawa a riga don auna radiyeshin da mutum ya sha, ta iso daga ɗakin gwaji, abokan aikina sukan zaci manyan lambobi nake fara nema. Ina duba su kam, amma abin da ya fi tsayar da ni shi ne sifili a gaban sunan mutumin da na san aikinsa ba na sifili ba ne. Likitan da yake wuni a tsaye gefen majinyaci yana zura siririyar roba cikin jijiyar zuciya, injin eksire a kunne yana nuna masa hanya, a ce wata uku cur bajonsa bai ga komai ba, alhali na nas ɗin da ke tsaye a bayansa ya nuna wani abu? Irin wannan sifilin magana ɗaya yake faɗa: bajon yana cikin durowa, ko yana maƙale a jikin rigar da aka rataye a ofis.

Ni mai ɗaukar hoton eksire ne, kuma a sashenmu ni aka ɗora wa kula da kariyar ma'aikata daga radiyeshin. Raba bajo, tattaro shi, aika shi a karanta, bin sawun abin da ya fito, duk a wuyana suke. Aiki ne da ba ya jawo wa mutum farin jini, domin kullum kana tsayar da wanda yake sauri kana tambayarsa ina ɗan abin nan da ya kamata ya kasance a ƙirjinsa. Amma ina son aikin, kuma ina da dalili.

Jikin ɗan Adam ba shi da wata gaɓa da ke jin wannan haske na eksire sa'ad da yake ratsa shi. Ba wari, ba zafi, ba ƙaiƙayi. Mutanen farko da suka yi aiki da shi bayan Wilhelm Röntgen ya gano shi a Jamus a 1895 sun koyi haka da jikinsu. Clarence Dally, mataimakin Thomas Edison, ya riƙa gwada fitilun eksire a kan hannuwansa har suka ƙone suka zama gyambo, aka yanke su duka biyu, ya rasu a 1904. A harabar wani asibiti a birnin Hamburg akwai dutsen tunawa da aka kafa a 1936, an rubuta masa sunaye 169 na likitoci da nas-nas da masu bincike daga ƙasashe dabam-dabam da wannan aiki ya yi ajalinsu, daga baya kuma aka ƙara wasu. Waɗannan mutane ba sakarkaru ba ne. Ba su da abin aunawa ne kawai, sai fatarsu, ita kuwa fata ba ta magana sai ɓarna ta riga ta auku.

Dosimita ɗin da muke maƙalawa a riga shi ne ya maye gurbin fatar. Na farko da ya yaɗu fim ne irin na hoto, a naɗe cikin takardar da haske ba ya shiga, an dafe wasu sassansa da 'yan ƙarafa. Idan aka wanke shi, gwargwadon baƙin da ya yi, gwargwadon abin da mai shi ya sha, bambancin duhu a ƙarƙashin ƙarafan kuma ya nuna ƙarfin hasken da irinsa. Daga baya aka samu wanda ake kira TLD, mai ɗauke da ɗan ƙwayar sinadarin litiyom fulorayid. Ƙwayar tana riƙe wani kaso na ƙarfin da ya ratsa ta, sai an kai ta ɗakin gwaji an gasa ta sannan ta sake shi a matsayin ɗan haske, na'ura ta auna. Da zarar an gasa, shi ke nan, labarin ya goge, ba a karanta shi sau biyu. Wanda wurare da yawa suka koma wa yanzu shi ne OSL, mai sinadarin alminiyom oksayid, wanda ake haska wa koren haske maimakon wuta. Abin da ya sa na fi son sa shi ne ana iya sake karanta shi idan gardama ta taso a kan sakamako. Sai kuma na lantarki, mai batir da ɗan gilashi da ke nuna lamba nan take, ya kuma yi ƙara idan abin ya yi yawa.

Akwai abin da nake maimaita wa duk sabon ma'aikaci har sai na ga ya zauna masa: bajon nan ba ya kare kowa daga komai. Kamar mitar wutar lantarki yake, tana rubuta abin da aka sha, ba ta rage ko ɗigo. Na sha haɗuwa da masu goge-goge da ɗaliban da suka ɗauka tsotse hasken yake yi ya hana shi shiga jiki, har su ƙara kusantar injin saboda suna ɗauke da shi. Abin da ke kariya uku ne: rage lokacin da kake kusa, ja da baya, da sa wani abu tsakaninka da hasken. Nisa ya fi kowanne sauƙi. In ka ninka tazararka sau biyu, abin da ke iso ka ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Taku biyu baya a lokacin da likita ya taka fedar injin sun fi wa nas amfani fiye da duk wata huɗubar da zan yi mata.

Ma'aunin da ake rubuta sakamako da shi shi ne milisibat, a takarda za ka ga mSv. Don a san girman abin: kowane mutum a duniya, ko bai taɓa shiga asibiti ba, yana samun kimanin 2.4 a shekara daga ƙasa da duwatsu da sararin sama da abin da ke cikin jikinsa, kusan rabinsa daga iskar radon da ke fitowa daga ƙasa. Hoton ƙirji ɗaya ba ya wuce 0.1. Hukumar ICRP, mai ba duniya shawara kan kariya daga radiyeshin, wadda aka kafa a Stockholm a 1928 kuma mafi yawan ƙasashe ke gina dokokinsu a kan shawararta, ta sa wa ma'aikaci iyakar 20 a shekara idan aka raba a kan shekaru biyar, wato 100 cikin shekara biyar, kuma kada shekara ɗaya ta haura 50. Na sauran jama'a 1 ne, ban da na halitta da na magani. Fata da hannuwa da ƙafafuwan ma'aikaci an ba su 500. Amurka har yanzu 50 a shekara take amfani da shi ga ma'aikatanta.

Kuskuren da ake yawan yi shi ne ɗaukar 20 ɗin nan a matsayin katanga, wai a wannan gefen lafiya lau, a wancan gefen cuta. Tsarin kariyar gaba ɗaya an gina shi a kan zaton cewa kowane ɗan ƙari yana ƙara haɗarin cutar kansa daidai girmansa, komai ƙanƙantarsa. Ƙiyasin ICRP ga ma'aikata shi ne ƙarin haɗari na kimanin kashi 4 cikin 100 a kan kowane milisibat 1,000. Mutumin da ya riƙa cika 20 duk shekara har shekara 40 ya tara 800, wato ya ƙara wa kansa kusan kashi 3 cikin 100. Wannan ba abin rainawa ba ne, ba kuma abin firgita ba ne ga mafi yawanmu, domin galibin ma'aikatan asibiti ba sa kai 1 a shekara. Iyakar tana nan ne don a san inda doka za ta shigo. Aikin kullum shi ne a sauko ƙasa da ita iya gwargwadon abin da hankali zai ɗauka.

Inda ake maƙala bajon yana da muhimmanci fiye da yadda ake tsammani. Wurinsa gaban jiki ne, tsakanin wuya da ƙugu, fuskarsa na kallon waje, ba cikin aljihun baya tare da makullai ba. Rigima tana farawa ne idan rigar dalma ta shigo. Rigar nan mai nauyi, mai kaurin dalma rubu'i zuwa rabin milimita, tana tare kusan kashi 90 cikin 100 ko fiye na hasken da ke fantsamowa daga jikin majinyaci, kuma a ɗakin tiyata daga jikin majinyacin ne mafi yawan abin da ke samun ma'aikaci yake fitowa, ba daga bakin injin kai tsaye ba. In ka sa bajo a ƙarƙashin rigar, zai gaya maka abin da gangar jiki ta samu, amma bai san komai ba game da kai da wuya da idanu. In ka sa shi a sama, zai nuna lamba babba wadda ta zarce abin da kayan ciki suka samu nesa ba kusa ba. Shi ya sa masu aikin da ke kusa da injin sosai ake ba su biyu, ɗaya a ƙarƙashin riga, ɗaya a kwala daga waje, a haɗa su a yi lissafi. Abin da ke ba ni wahala a nan shi ne musanya: yau na kwala ya koma ciki, gobe na ciki ya fito waje, sakamakon duka biyun ya zama shirme. Na kan roƙi a bambanta launinsu, kuma na kan tsaya a bakin ƙofa da safe in duba da idona.

Maganar ido ta cancanci a tsaya a kanta. Shekaru da yawa iyakar ƙwayar ido 150 ce, saboda an ɗauka yanar ido ba ta fitowa sai an sha mai yawa. Bincike a kan waɗanda suka tsira daga bom ɗin Hiroshima da Nagasaki, da ma'aikatan da suka share tashar nukiliya ta Chernobyl bayan ta fashe, da likitocin zuciya masu aiki ƙarƙashin eksire, ya nuna yanar tana farawa a ƙasa da yadda aka zata. A 2011 ICRP ta sauko da iyakar zuwa 20, daidai da ta sauran jiki. Likitan da ke wannan aiki kullum ba tare da tabarau mai dalma ko gilashin kariya da ke saukowa daga silin ba zai iya haura wannan cikin sauƙi, kuma idon hagu ya fi shan wahala domin yawanci ta nan injin yake. Akwai ɗan dosimita da ake ɗaurawa a gefen ido saboda haka. Wani babban likitanmu ya taɓa ce mini abin yana damunsa a fuska, ba zai sa ba. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, hannunka da idonka su ne aikin nan. Ka ba ni wata ɗaya kawai ka sa shi, in lambar ta fito ƙarama ba zan sake damunka ba." Lambar ba ta fito ƙarama ba. Shi da kansa ya nemi a gyara gilashin silin da aka ture gefe aka manta da shi.

Su kuwa masu haɗa allurar maganin nukiliya, matsalarsu a yatsu take. Sirinjin da ke ɗauke da sinadari mai radiyeshin, kamar teknishiyom-99m ko fulorin-18, yana tsakanin yatsunsu, bajon ƙirji kuwa yana nesa, ba ya ganin abin da fatar yatsa ke sha. Ana ba su zobe mai ɗan ƙwayar TLD, a sa shi a ƙarƙashin safar hannu, fuskarsa na kallon tafin hannu. Ko da hakan, kan yatsa yakan samu ninkin abin da zoben ya rubuta.

To me ya sa mutum mai hankali, wanda ya san duk wannan, zai bar bajonsa a durowa? Wasu mantuwa ce, kuma maganinta mai sauƙi ne: allo ɗaya a bakin ƙofa inda kowa ke rataye nasa in ya tashi, ya ɗauka in ya zo. Amma wasu tsoro ne, kuma shi ne ya fi damuna. Suna tsoron in lambar ta hau a cire su daga aikin da suka ƙware a kai, ko a rage musu kuɗin ƙari, ko a yi musu kallon marasa kula. Ma'aikacin wucin gadi yana tsoron kada a sabunta masa kwantiragi. Wannan ba zato nake ba, ya faru a idon duniya. A tashar nukiliya ta Fukushima da ke Japan, bayan haɗarin Maris na 2011, an gano a 2012 cewa wani shugaba a ɗaya daga cikin ƙananan kamfanonin kwangila ya umarci ma'aikatansa su rufe dosimitocinsu da kwanson dalma don lambar ta fito ƙasa, su daɗe suna aiki kafin su cika iyaka. Jikinsu ya sha abin da ya sha, takardar ce kawai aka yi wa kwaskwarima.

Saboda haka nake ganin yadda shugabanni ke karɓar babbar lamba shi ne ke yanke ko tsarin zai yi gaskiya ko ba zai yi ba. In lamba ta haura matakin da muka sa wa kanmu na bincike, wanda yake ƙasa da iyakar doka sosai, ba takardar tuhuma nake rubutawa ba. Ina samun mutumin mu zauna, in ce, "Malam, zo mu duba watan nan tare, me ya canza?" Sau da yawa amsar tana wajen kayan aiki ko tsari: labulen dalma na gefen gado ya yage, an ƙara masa yawan majinyata, ko sabon likita yana daɗewa da ƙafa a kan feda. Wani lokaci kuma lambar ba ta jikinsa ba ce sam. An bar riga da bajo a ɗakin hoto ta kwana biyu ana aiki, ko ya yi tafiya ya jefa shi cikin jakar da ta bi ta injin binciken kaya a filin jirgi, ko ya je a ɗauke shi hoto a matsayin majinyaci da bajon a ƙirjinsa, alhali abin da aka ba mutum don lafiyarsa ba ya shiga lissafin aiki. Akwai kuma bajo ɗaya da ba na kowa ba, wanda ke zuwa tare da sauran ya koma tare da su, a ajiye shi nesa da injina. Abin da ya tara a hanya da na halitta shi ake cirewa daga na kowa. In aka yi sakaci aka ajiye shi kusa da ɗakin hoto, sakamakon mutane duka zai fito ƙasa da gaskiya, kuma ba wanda zai lura.

Dole a san abin da bajon ba ya gani. Ba ya auna abin da aka shaƙa ko aka haɗiye. A Fukushima ma'aikata shida ne suka haura milisibat 250, mafi yawan abin da suka samu kuwa daga ayodin mai radiyeshin da suka shaƙa ne, wanda sai da aka auna jikinsu da wata na'ura dabam aka gano. Masu haƙar ma'adinai a ƙarƙashin ƙasa radon ne babban abokin gabarsu, kuma da wata hanya ake bibiyarsa. Niyutron, wani nau'in radiyeshin dabam, yana buƙatar nasa irin bajon. Ma'aikatan jirgin sama, waɗanda ke samun fiye da yawancinmu na asibiti saboda hasken sararin samaniya, galibi da kwamfuta ake lissafa nasu bisa hanyar da jirgin ya bi da tsayinsa. Sannan TLD da OSL labarin jiya suke bayarwa, bayan wata ɗaya ko uku. Ga mai ɗaukar hoton walda a jikin bututu da ƙwayar iridiyom-192, wannan jinkirin zai iya cin gaɓa. A 1999 a Yanango da ke ƙasar Peru, irin wannan ƙwaya ta ɓalle daga na'urarta ba a lura ba, wani mai walda ya tsince ta ya sa a aljihun wando na sa'o'i, daga ƙarshe aka yanke masa ƙafa. A irin wannan aiki, na lantarki mai ƙara da na'urar hannu da ake duba wuri da ita bayan kowane hoto su ne ke tsakanin mutum da musiba, bajon wata-wata kuwa shaida ne kawai.

Akwai zancen da nake so kowace mace mai wannan aiki ta ji tun kafin ta buƙace shi. In kin samu juna biyu, ki sanar da wuri. Daga ranar da kika faɗa, ƙa'idar ita ce a tsara aikinki yadda abin da ke ciki ba zai samu fiye da milisibat 1 ba har ki haihu, kuma ƙa'idojin hukumar makamashin nukiliya ta duniya, IAEA, sun faɗa ƙarara cewa sanarwar ba dalilin raba ki da aiki ba ce. Mafi yawan masu ɗaukar hoto a bayan gilashi suna ci gaba da aikinsu ba tare da wani canji ba. Wata ƙanwa a sashenmu ta ɓoye nata har ya fito, tana kuma tsayawa a ɗakin tiyata, don tana tsoron a mayar da ita gida. Da muka duba takardunta lambobin ƙanana ne ƙwarai, hankalinta ya kwanta, amma watannin da ta yi cikin fargaba ba su da dalili, kuma laifin namu ne da ba mu yi wannan bayani a fili tun farko ba.

Takardun nan suna da tsawon rai. Ƙa'idar IAEA ta ce a adana tarihin kowane ma'aikaci har ya kai shekara 75, ko lokacin da da zai kai, kuma kada a zubar kafin shekara 30 da barinsa aikin, domin kansar da radiyeshin ke jawowa takan ɗauki shekaru masu yawa kafin ta bayyana. In wata rana mutum ya kamu da ciwo yana neman a duba ko aikinsa na da hannu, wannan takarda ce hujjarsa, kuma wanda ya bar bajonsa a durowa ya rubuta da hannunsa cewa bai sha komai ba. Amfaninsu ya wuce mutum ɗaya ma. Binciken INWORKS, wanda ya bi ma'aikatan nukiliya fiye da 300,000 a Faransa da Birtaniya da Amurka ya kuma ga haɗarin cutar kansa yana ƙaruwa a hankali tare da abin da mutum ya tara, an gina shi ne a kan lambobin bajon da mutane suka riƙa maƙalawa shekara da shekaru. Da irin wannan ake gyara iyakokin da za su kare waɗanda za su zo bayanmu.

Sakamakonka haƙƙinka ne ka gani, ba sai ka yi roƙo ba. Ni ina kai wa kowa nasa ya sa hannu, ko da ƙarami ne, domin mutumin da bai taɓa ganin lambarsa ba da wuya ya ɗauki bajon da muhimmanci. In kana aiki a wuri biyu, kada ka ɗauki bajon wannan ka kai can. Kowane wuri ya ba ka nasa, ka kuma sanar da su duka don a haɗa jimlar, tunda iyakar ta jikinka ce gaba ɗaya, ba ta kowane wurin aiki dabam ba. In za ka bar aiki, ka nemi a ba ka tarihinka a rubuce, da jimlar shekaru biyar na baya, ka miƙa kwafi ga sabon wurin, ka ajiye na asali tare da takardun shaidar karatunka.